Cinikin Bindiga a Teksas

Tun muna yara a Kano ni ake turawa ciniki a gidanmu. Mahaifinmu yana da rumfa a Kantin Kwari, a nan na koyi taya kaya ba tare da na ɓata wa mai kaya rai ba, na koyi jin "albarka" in tsaya, in sake jin ta in juya a hankali don in ba shi damar ya kira ni. Shi ya sa da autanmu ya bugo mini waya a ƙarshen shekarar 2021 ya ce in raka shi sayayya, ban yi mamaki ba, sai da ya faɗi abin da za mu sayo.

"Yaya, bindiga nake so. Ƙarama, ta hannu."

Mu biyu ne a birnin Hustan na jihar Teksas, a kudu maso yammacin gari inda 'yan Najeriya suka fi yawa. Sana'arsa sayen motoci a wurin gwanjo, ya gyara, wasu ya loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, wasu ya sayar a nan. Sana'a ce ta haɗuwa da baƙin fuska a filin ajiye motoci, sau da yawa da tsabar kuɗi a aljihu. Wani dare samari biyu suka tare shi a gindin benen da yake haya, ɗaya ya kafa masa bakin bindiga a wuya, suka ƙwace waya da jaka suka gudu. Ba su ji masa rauni ba. Amma matarsa tana tsaye a taga da goyo a bayanta, ta ga komai, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yin barci ba sai ta ji ƙarar mukullinsa a ƙofa.

Ban so ba, kuma na gaya masa. Mu da muka taso a ƙasar da dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, ba mu saba ganin ta a gidan mutumin kirki ba. Na tuna masa yana da yaro mai shekara biyar wanda ba ya barin durowa a rufe. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na riga na yanke shawara. In ba ka zo ba zan je ni kaɗai, kuma ka san halina, abin da aka faɗa mini shi zan biya." Na ga dai tafiyar ba fashi. Na ce a raina gara a yi da ni, ko ba komai bakina zai shiga.

Lokacin kasuwar bindiga tana ci a Amurka. A shekarar 2020, da annobar korona da tarzomar da ta biyo bayan kisan George Floyd, hukumar FBI ta yi binciken masu neman makami kusan sau miliyan 40, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Harsashi ya yi wuya, kuɗinsa ya ninka. Sannan a ranar 1 ga Satumba, 2021, sabuwar doka ta fara aiki a Teksas wadda ta ba wanda ya kai shekara 21, in ba shi da laifin da ya hana shi, damar yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. A irin wannan yanayi muka shiga kasuwa, kuma duk ɗan kasuwa ya san ba a samun sauƙi a kayan da ake rububi.

Auta ya riga ya san wadda yake so: SIG Sauer P320. Kamfanin ya fito da ita a 2014, amma sunanta ya tashi ne a Janairun 2017, lokacin da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓe ta ta maye gurbin Beretta M9 da sojoji ke riƙewa tun 1985. Kwangilar ta kai ta dala miliyan 580. Kamfanin Glock, da shi ma ya nema, ya kai ƙorafi aka yi watsi da shi. Sojoji suka sa wa doguwar suna M17, gajeriyar M18, kamfanin kuma ya fito da irinsu don farar hula. Duk wannan Auta ya haddace, yana zuba mini a mota. Amma dalilinsa na gaskiya ya fi haka sauƙi. Shi ƙato ne, tafin hannunsa faffaɗa, matarsa kuwa 'yar siririya ce, kuma ita ce take kwana da yara in ya tafi ɗauko mota a Dalas. Yana son bindiga ɗaya da za ta zauna a hannun kowannensu.

Mun fara da wani babban kantin kayan wasanni da farauta, irin mai rassa a ko'ina. Ka wuce takalman gudu, ka wuce ƙugiyoyin kamun kifi da tantuna, can ƙurya sai ga dogon kanta na gilashi, bindigogi a jere kowace da 'yar takardar farashi ɗaure da zare. Mutane suna tsaye a layi, har da wata tsohuwa da jikarta. Yaron da ke bayan kanta bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Ya ɗauko M18, mai launin ƙasa, ya zare gidan harsashi, ya ja saman baya ya leƙa, ya nuna mana cikinta fayau, sannan ya miƙa wa Auta da bakinta yana kallon ƙasa. A duk shagon da muka shiga haka aka yi mana, ba wanda ya tsallake wannan ko sau ɗaya.

Da na tambaye shi me ake nufi da cewa ana sauya mata jiki, sai ya ce in matso. Ya murɗa wani ɗan maɓalli a gefe, saman ya zame ya fita gaba ɗaya da bututun. Ya zare maɓallin, ya sa yatsa ya ɗago wani ɗan ƙarfe daga cikin mariƙin ya ajiye a kan tabarmar roba. Tsawonsa bai fi yatsa da rabi ba, kunamar tana lilo a ƙasansa, ga 'yan ƙananan sifirin, ga lambar shaida a zane a gefe.

"Wannan ita ce bindigar," in ji shi. "A wurin hukuma wannan kaɗai ce. Sauran duk kayan gyara ne."

Na ɗauki mariƙin da ya rage, roba ce mara nauyi, da 'yar taga a gefe inda lambar take leƙowa in an haɗa. Abin ya yi mini kama da kan keken ɗinki, wanda za ka cire daga wannan teburi ka ɗora a wancan, ɗinkin dai shi ne. Mariƙin yana zuwa ƙarami, matsakaici da babba. Ana iya sauya tsawon bututu, har girman harsashi ana iya sauyawa. Kuma duk waɗannan, in ji yaron, ana aiko wa mutum su har gida ta gidan waya, ba fom ba bincike, tunda ba su ne ke ɗauke da lamba ba. Na daɗe ina juya ɗan ƙarfen nan a tafin hannuna. Na yaba hikimar wanda ya ƙera shi, gabana kuma ya faɗi, duk a lokaci ɗaya.

Takarda ta ce dala 649. Na gyara tsayuwa na ce masa to, nawa zai bar mana in za mu biya yanzu? Ya yi murmushi ya ce ba shi ke sa farashi ba, kwamfuta ce. Na nemi manaja, ya zo, mutum mai fara'a, ya ce abu ɗaya zai iya: in na nuna masa wani kanti na kusa da ke tallar irinta a ƙasa da haka, zai daidaita da nasu. Muka duba waya muka ga kusan kowa kuɗinsa ɗaya. Daga baya na gane dalili. Manyan kamfanonin bindiga suna yanka wa dillalansu farashin da ba za su yi talla a ƙasa da shi ba. Dillali yana iya sayarwa ƙasa da haka baki da baki, amma ba zai rubuta a fili ba. Ke nan ragin yana nan, sai dai ba a wurin ma'aikacin da aka ɗauka albashi ba. Sai a wurin mai shago da kansa. Ga kuma harajin saye na Hustan, kashi 8.25 cikin ɗari, da ba a rubuta shi a takarda, sai an zo biya ya kai kuɗin sama da dala 700.

Na ce wa Auta mu tafi. Yana ta waiwaye.

A shagon jingina ne na ji ƙamshin kasuwar da na sani. Gitoci a rataye, injin yankan ciyawa, zobba, talabijin, sai bindigogi na hannu a gefe guda. Akwai P320 baƙa, an ɗan goge mata fenti a baki, an rubuta 480. Na taya 380, mai shagon ya dafe ƙirji ya ce ko shi bai karɓe ta haka ba. Na ce 400. Ya ce 450. Jinina ya fara gudu, na san da na ƙara minti goma za mu tsaya a 425. Auta ne ya ja hannun rigata, ya raɗa mini cewa mu tambayi shekarar da aka ƙera ta. A watan Agustan 2017 an nuna cewa samfurin farko na farar hula yana iya tashi in ya faɗi ƙasa ta wata fuska, kamfanin kuma ya buɗe shirin karɓar su yana sauya kunama da wasu sassa kyauta. Bayan haka ma an ci gaba da kai kamfanin kotu a kan zargin tashi ba tare da an taɓa kunama ba, shi kuma yana musantawa. Mai shagon bai san ko an kai wannan gyara ba, kuma bai nuna ya damu ya sani ba. Araha ba ta ado. Muka yi masa godiya muka fita, yana kiranmu da 430.

Na intanet ba mu daɗe a kansa ba. Kuɗin ya ɗan yi ƙasa, amma doka ba ta yarda a aiko bindiga gida ba, sai dai a aika wa dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, shi kuma ya caji ladan karɓa da cike takardu. In ka haɗa da kuɗin aike, ragin ya narke, ga shi cinikin biri a sama.

Inda muka saya wani ɗan shago ne a wajen gari, manne da filin koyon harbi, kana jin dum-dum ta cikin bango. Mai shagon dattijo ne Bature, tsohon soja, gashinsa fari fat, yana ɗan ɗingishi. M18 ɗinsa dala 660, ta ma fi ta babban kantin tsada. Na yi sallama irin tasu, na tambayi lafiyarsa da kasuwa, na yabi shagon, sannan na shiga magana. Ni ke tambaya, ni ke juya bindigar, ni ke taya kuɗi, Auta yana bayana ya harɗe hannu kamar yadda ƙane ke yi in babba yana magana. Ban ankara ba sai dattijon ya miƙo hannu ya karɓe bindigar daga hannuna, ya mayar cikin gilashi ya rufe.

"Tsaya tukuna. A cikinku wa zai saya?"

Na ce ƙanena.

"To me ya sa kai ke magana?"

Fuskarsa ba wasa. Ya ce a fom ɗin gwamnati mai lamba 4473, tambayar farko ita ce ko kai ne ainihin mai saye. Wanda ya saya wa wani a ɓoye ya yi ƙarya a takardar tarayya, hukuncinsa a lokacin yana kai shekara 10 a kurkuku, shi kuma dillali lasisinsa na iya tafiya. In mutum biyu suka shigo, ɗaya yana zaɓa yana ciniki ɗaya zai sa hannu, abin da aka koya musu su lura da shi ke nan. Na ga gaskiyarsa. Na yi masa bayani cewa a inda muka fito, in wa da ƙane suka je kasuwa, wan ne ke magana, ƙanen ya yi shiru ko da kuɗinsa ne. Ya dube ni, ya dubi Auta, ya ce, "Kai, zo nan. Gaya mini da bakinka me za ka yi da ita."

Auta ya matso ya ba shi labarin daren nan, muryarsa tana rawa a wurin da ya zo kan matarsa a taga. Dattijon bai katse shi ba. Da ya gama sai ya tambaye shi abin da babu wanda ya tambaye mu a duk yawonmu.

"Akwai yara a gidan?"

"Biyu. Babban shekararsa biyar."

"A ina za ka ajiye ta?"

Auta ya ce a saman kabad, inda hannu ba ya kai. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce yaro ɗan shekara biyar ya san inda komai yake a gidan ubansa, kuma ya san amfanin kujera. Ya ce dokar tarayya ta sa dole a ba mai saye ɗan makulli tare da kowace ƙaramar bindiga, amma yawancin mutane a cikin kwali suke barinsa, don wanda ya sayi bindiga saboda tsoron dare ba zai yarda ya tsaya neman mukulli a duhu ba. A Teksas kuma laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ya sunkuya ya ɗauko wani akwatin ƙarfe mai maɓallai a sama, ya danna da yatsu huɗu, murfin ya buɗe nan take. Kuɗinsa dala 120.

A nan na san abin da ya kawo ni. Na ce masa, da izininsa, zan koma bakin ciniki, amma kuɗin na ƙanena ne, shi zai ƙirga da hannunsa. Ya yi dariya ya ce in ci gaba.

Na tambaye shi in lakadan za mu biya fa? Ya ce banki yana cire masa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk cinikin kati, don haka zai bar ta 640. Na ce 600. Ya ce ribar sabuwar bindiga ba ta taka kara ta karya ba, abincinsa yana cikin harsashi da kube da filin harbi, in ya sayar 600 gara ya rufe shago. Na yarda da shi, don na ga yadda farashin ya tsaya cak a ko'ina. Sai na bar bindigar na koma kan akwatin, inda na san akwai wurin motsi. Na ce ya haɗa mana biyun ya faɗi kuɗi ɗaya, har da haraji, wanda za mu ƙirga mu fita. Ya danna kalkuleta ya ce 800. Na ce 720. Ya ce a'a. Na yi shiru, na ɗauki akwatin ina duba ƙasansa inda ake ɗaure shi da kusoshi, na bar shirun ya yi aikinsa. Auta yana ta taka mini ƙafa. Can dattijon ya ce 760. Na ce 750, mu yi musabaha. Ya miƙo hannu, amma ga Auta ya miƙa.

Na nemi gyara, kwalin harsashi ɗaya. Ya ce wannan kam ko ɗansa ba zai ba kyauta ba a bana. Amma ya ce in Auta ya yi rajistar ajin koyon riƙe bindiga na ranar Asabar, matarsa ta zo kyauta, kuma kada a bari ta taɓa bindigar kafin nan. Wannan gyaran ya fi mini harsashi sau goma.

Sai fom. Auta ya miƙa lasisin tuƙi, ya zauna yana amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ko an taɓa yanke masa hukunci a babban laifi, ko yana shan miyagun ƙwayoyi, ko kotu ta taɓa kama shi da dukan iyali, ko an taɓa kai shi asibitin ƙwaƙwalwa bisa umarnin hukuma. Dattijon ya tura bayanan zuwa tsarin binciken FBI, wanda ke aiki tun 1998. Amsa iri uku ce ke fitowa: a ba shi, a dakata, ko a hana. Na fita waje na yi sallar la'asar a gefen mota. Kafin in naɗe darduma Auta ya leƙo ya ce an amince. Teksas ba ta da kwanakin jira. Mun shiga da kuɗi bayan azahar, mun fito da bindigar da sojan Amurka ke ratayawa rana ba ta faɗi ba.

Har yau ina ganin wannan sauƙin ya yi yawa. Na fi shan wahala wajen yi wa mota rajista. A shekarar da muka yi sayayyar nan mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu, kuma a 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar, ta wuce haɗarin mota. Akwatin ƙarfen nan da ajin Asabar, babu dokar da ta tilasta mana su. Da a babban kantin muka biya, da ba wanda zai tambayi shekarun yaron, kuma ba don ma'aikatan mugaye ne ba, layi ne a bayanmu. Na kuma san tsoron ƙanena ba na ƙarya ba ne, ni ba a taɓa kafa mini ƙarfe a wuya ba. Shi ya sa ban ƙara ce masa ya yi kuskure ba, shi ma bai taɓa ce mini in sayi tawa ba.

A daren muka ɗaure akwatin a cikin kabad da kusoshi huɗu, ni na riƙe fitila shi yana murɗawa. Matarsa ta kawo mana shayi ta tsaya tana kallo, ta ce, "Yaya, lambar buɗewar fa, kada a sa ranar haihuwar kowa, yaron nan ya haddace su duka." Aka sa wadda ta zaɓa.

Sun je ajin, daga baya ma Auta ya yi lasisin jihar duk da doka ta ɗauke masa. Ƙaramin mariƙin da aka yi duk wannan yawo dominsa ya iso ta gidan waya a cikin ambulan mai laushi, kuɗinsa bai kai dala 50 ba. Ta gwada shi a filin harbi, malamin ya ce hannunta ya fi na mijinta tsayuwa. Da suka dawo ta ce a bar ƙaramin a jiki, tunda shi yana iya riƙe ƙarami, ita ba ta iya riƙe babba. Babban mariƙin yana cikin durowar kicin tare da batura da tsofaffin mukullai.